Direban Motar Kuje

Ƙarfe shida nake tada inji a ƙofar gidan yari.
Motar ba ta da taga, sai huji takwas a sama
inda yatsu ke leƙowa su sha iska.
Shekara goma sha ɗaya ina jan ta,
har na iya ƙirga zaman mutum da kunne:
wanda ya kwana uku yana dukan ƙarfe da ihu,
wanda ya shekara uku, ko tarinsa ba ka ji.

Sale Maidako yana cikin masu shirun.
Ranar da katafila ta bi sawun jan fenti
ta ture ɗakinsa kamar an shuri kwando,
ya bari dare ya raba, ya koma kufai,
ya tsinci kwanon rufinsa, falle bakwai,
da ya saya da gumin wuyansa a kasuwar Deidei.
Ashe fili ya riga ya yi sabon ubangida
mai takarda, mai hatimi, mai maigadi da kare.
Kafin asuba kwanon ya zama kayan sata
a hannun wanda ya buga masa ƙusa.

Alƙali bai ɗaga murya ba, har beli ya bayar:
a kawo ma'aikaci mai mataki na goma sha huɗu,
mai gida a cikin birni, ya tsaya masa.
Sale ya waiga bencin baya.
Yayarsa Talatu ce kaɗai, da bokitin kunun aya.
Matakin da ta sani na gadar Nyanya ne,
wanda take hawa da kaya a ka.

Sau tara ana ɗagawa.
Sau biyu ɗan sanda mai ƙara ya tafi kwas,
sau ɗaya fayil ya yi ƙafa,
sauran ban riƙe ba, sai uku da suke nawa:
ba mai a tanki.
Kuɗin man kan bi ofis uku kafin ya iso ni, ya rame,
ragowar kuwa, ba zan ɓoye ba,
ita ta biya wa Hansatu kuɗin jarrabawa.

Talatar nan na faka a gindin dogonyaro,
sai ga jiniya, sai ga motar asibiti fara fat.
Aka sauko da wani a keken guragu,
wuya a naɗe, ido a lumshe,
lauyoyi goma sha biyu da gashin aro
suna binsa kamar balbelu bayan sa.
Kuɗin fansho ne, in ji masinja,
ya fara ƙirga sifili, yatsunsa suka ƙare.
Minti arba'in aka yi.
Beli, da izinin ganin likita a ƙetare.
A bayan kotu na gan shi ya miƙe tsaf,
ya kakkaɓe babbar riga, ya taka da ƙafarsa.
Yaronsa ya miƙo mana dubu biyar, mu sha ruwa.
Na karɓa.
Na ce Allah ya ƙara lafiya.

Ba a kira sunan Sale ba ranar, lokaci ya ƙure.

Muna komawa, daidai Lugbe,
jirgi ya tashi ya keta hadari,
ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.
Sai na ji ƙwanƙwasa a bayan kujerata, a hankali,
muryar da ban ji ba tun bara:
"Direba, wa ya yi muku rufin nan?
Ko ɗigo ba ya yi."

Na rasa amsa.
Na ƙara wa waifa gudu,
gilashi dai bai washe ba.